Takardar da Firaminista Bai Sa wa Hannu Ba

Kwana shida ke nan da sojoji suka zagaye benen da waya mai ƙaya, ba shiga ba fita, ranar da takardar Sidi Munzir ta bar bangonta. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum sakewa, domin duk wanda ya yi aikin yana nan cikin benen, yana shaƙar iska ɗaya da kowa.

A unguwar Sentul benen yake, a babban birnin wata ƙasa ta gabas mai nisa, hawa goma sha bakwai, kuma a hawa na tara abin ya faru, cikin shekarar korona ta biyu. Ran Talata da safe masu fararen kaya suka yi feshin magani, sannan aka yi shela kowa ya sauka ƙasa a zura masa tsinken gwaji a hanci. Mutum biyu kawai aka san sun rage a hawan. Akwai Sidi Munzir Alwarraƙ, tsohon da ciwon zuciya ya kwantar, sati uku bai taka ƙasa ba. Akwai kuma Hasanatu, ɗaliba 'yar Gumel, wadda aka ɗaura wa abin hannu ruwan hoda na waɗanda aka killace a ɗaki. Da Gassan, ɗan tsohon, ya hawo da azahar, sai ya tarar da firam ɗin da takardar ke ciki a ƙasan falonsu, gilashi a gefe, ciki fayau. Bai yi minti goma yana nema ba ya hango bakin takardar ya leƙo daga ƙarƙashin tabarmar goge ƙafa ta ƙofar Hasanatu.

To, sai ka san wace takarda ce kafin ka gane girman abin. Sidi Munzir ya taɓa zama firaminista a wata ƙasar Larabawa da ba sai na kama sunanta ba. Shekara talatin da suka wuce burodi ya yi tsada a can, talakawa suka cika dandali, sai aka kawo masa takardar umarnin a buɗe musu wuta. Abin da duniya ta sani shi ne ya ƙi sa hannu, ya yi murabus a ranar, ya fito da takardar a aljihunsa, layin sa hannun fari tas. Sojoji dai sun yi harbin, mutum ɗari biyu da wani abu suka mutu, amma kowa ya ce ba da hannunsa ba. Da wannan farin layin ya ci suna, da shi ya yi gudun hijira, kuma a kansa Hasanatu ta shekara uku tana rubuta kundin digirinta na uku.

Gassan ya kira 'yan sanda. Suka ce ba sa shiga bene mai cuta saboda takarda, amma ran Alhamis da safe za a janye wayar, za su zo su tafi da ita. Ɗalibar da gwamnati ke ɗaukar nauyinta kuwa, in ta taka ofishin 'yan sanda a kan sata, karatu ya ƙare, sai jirgin komawa gida. Wata uku ya rage mata ta gama, ga 'ya'ya biyu ta baro wa tsohuwarta a gida.

*

Alhaji Ashafa, shugaban 'yan Arewa na benen, shi ya buga wa Malam Ubale ƙofa a hawa na sha ɗaya. Takunkumi biyu ya ɗora a fuska, yana magana kamar daga cikin tulu.

"Malam Ubale, yarinyar nan ta ja mana. Yanzu ko a lif aka gamu da mu, sai a riƙe jaka da kyau. Ni na ce ta ba shi haƙuri kawai, a rufe magana."

"Ta ce ta ɗauka?"

"Ina fa. Kuka kawai take yi. Amma makullin gidan yana hannunta, shi Gassan ɗin ya ba ta saboda duba tsohon in ya fita. Ba a fasa ƙofa ba. Ban da tsohon, ita kaɗai ce a hawan. Me ya rage?"

Ubale takalman Ashafa yake kallo. Haka yake. Shekara sha huɗu yana ɗaure kayan 'yan kasuwa a kasuwar Chow Kit yana tura su Kano, amma ɗan mai bin sawu ne daga ƙasar Ningi, tun yana shekara bakwai yake bin mahaifinsa cikin daji a bayan shanun sata. Abokan sana'a suna tsokanarsa cewa bai san fuskar kowa ba sai takalminsa. Da takunkumi ya zo ya rufe fuskokin duniya, tsokanar ta mutu, domin shi kaɗai ya rage mai gane mutane daga nesa.

"Ƙarfe nawa ne?" ya tambaya.

"Uku saura."

"A bari sai biyar. Ka ce kada kowa ya yi shara a hawan."

"Me ya haɗa wannan da ƙarfe biyar kuma?"

"Ba a karatun ƙasa da rana a tsaka, Alhaji. Sai ta kwanta."

*

Ƙarfe biyar ya sauko. Barandar hawa na tara doguwa ce, tana fuskantar yamma, kuma shiru ya cika ta har kana jin ƙarar fankar gidan wani. A ƙasar nan ba a shiga gida da takalmi, don haka kowace ƙofa da jerin takalmanta a waje. A ƙofa ta huɗu akwai silifas shuɗi na wani tsohon Bamale, wato ɗan asalin ƙasar nan, da motar asibiti ta ɗauka ran Juma'a, bai dawo ba kuma ba zai dawo ba, amma ba wanda ya yi ƙarfin halin kawar da su. Ubale ya wuce su yana salati a ransa.

Maganin feshin nan in ya bushe yakan bar wani farin gari siriri a kan siminti, ido ba ya kama shi sai an duba a karkace. Tsakiyar barandar an tattake ta, ba abin karantawa. Ubale ya durƙusa ya kwantar da kuncinsa kusa da ƙasa, ya dubi gefen bango, inda ba mai bi.

Sawun ƙafa ne, ba takalmi. Doguwar ƙafa siririya, yatsun a matse, babban yatsa ya karkata ya jingina da ɗan'uwansa. Tsawonta na cikakken namiji ne, amma da ƙyar ta taɓa garin, kamar ƙaramin yaro ne a kanta. Takun gajere, bai kai taƙi biyu ba. Ya biyo bango daga wajen ƙofar Sidi Munzir har ƙofar Hasanatu, taku arba'in da ɗaya, ya tsaya. Bai koma ba. A maimakon sawun komawa sai wata doguwar shara a ƙasa, kamar an ja buhu, da wasu tabo zagayayyu nan da can.

"Me ka gani?" in ji Ashafa daga can bakin matakala.

"Wani ya zo nan ba takalmi, bai koma da ƙafarsa ba."

Ashafa ya ja da baya taku biyu, ya ce shi dai ya tuna bai yi la'asar ba.

*

Ta bayan ƙofar ƙarfe Hasanatu ta yi magana, tana zaune a ƙasa, idanunta sun kumbura. Ubale ya zauna a waje, nesa kaɗan, ya naɗe ƙafa.

"Baba Ubale, wallahi ban fita ba. Tun ƙarfe goma nake gaban kwamfuta da malamina, abin ji a kunnena, har sha biyu ta wuce. Ko ginin ne ya faɗi ba zan ji ba."

"Ƙarƙashin ƙofar nan taki, takarda za ta iya shiga?"

"A'a. Tawul na cusa tun da aka killace ni."

Ya jinjina kai. "Miƙo ƙafarki in gani, 'yata."

Ta yi mamaki, amma ta miƙo. Gajeriya ce mai faɗi, da sauran jan lalle a farce. Ya ce ta mayar.

"Kin taɓa roƙonsa takardar?"

Ta ce, "Na roƙa ya bar ni in ɗauki hotonta. Sau uku. Gassan ya ji, shi ya sa yake cewa na daɗe ina harinta. Baba, mutumin nan ni kamar uba na ɗauke shi. Na karanta tarihin shugabanni har na gaji, duk ɓarayi da maƙaryata, shi kaɗai na samu wanda aka miƙa wa alƙalami ya ajiye. Ta yaya zan sace masa?"

"Da kika roƙa, me ya ce?"

"Dariya ya yi. Ya ce hoto makaho ne. Wai wata rana zai ba ni ita ba gilashi, in duba ta da hasken la'asar. Kullum haka yake magana, kamar mai waƙa."

Ubale ya ɗago ya dube ta. Ranar tana gab da faɗuwa a bayan dogayen gine-gine, hasken ya kwanta a kan simintin. Wani sanyi ya ratsa shi, irin wanda yakan ji a daji in ya gane dabbar da yake bi ta zagayo tana bayansa. Ya yi mata sai da safe.

*

Kafin hantsin Laraba labarin sawu ya cika benen, kuma Ashafa ya samo ɓarawo sabo. Kalilu ne, wani magidanci mai karatun haɗa magunguna, wanda ya ba da kansa yana raba abinci ƙofa-ƙofa. An san shi da yawo ba takalmi in ya yi alwala, sannan an neme shi a layin gwaji an rasa, wajen minti ashirin.

"Ga shi nan," in ji Ashafa, ya turo shi gaba. "Ya faɗi inda ya je."

Kalilu ya sosa ƙeya. Ubale bai ma tsugunna ba. Yatsun Kalilu a baje suke kamar citta, ƙafar da ta girma a silifas da turɓaya.

"Sake shi, Alhaji. Ƙafar da nake nema tun tana jaririya take cikin takalmi sau-ciki. Shi kuwa wannan sigari ya ɓuya ya sha a matakalar hawa na shida, na ga guntun, na ga diddigensa. Ka bar shi da matarsa."

Kalilu ya ce a rufa masa asiri, don Allah.

Daga nan Ubale ya nufi ƙofar Gassan, kuma da zarginsa ya je. A ransa yana cewa ɗan ne ya ajiye takardar da hannunsa don ya raba yarinyar da ubansa. Gassan ya buɗe, ƙato ne mai furfura a gemu, idanunsa ja don rashin barci. Da Turanci suka yi magana, kowa da irin nasa.

"Hajji, ba ni da abin faɗa. Takardar nan ita ce abin da ya rage mana. Gida sun ƙwace, ƙasa sun hana mu. Ana shirin cika shekara talatin da abin da ya faru a dandali, mutanenmu suna jira in kai musu ita. Sai wata ta zo ta ci abincinmu ta sace ta?"

Ubale yana jin sa, idonsa na ƙasa. Gassan ba takalmi yake tsaye a kan tayil ɗinsa. Ga yatsun a matse, ga babban yatsa ya karkata ya jingina da ɗan'uwansa. Ubale ya ce a ransa ya kama. Amma da ya ƙara dubawa sai ya ga ƙafar ta cika faɗi, kuma mai wannan jiki in ya taka gari sai ya share shi. Ƙafar gidan ce, amma ba tasa ba ce.

Ta gefen kafaɗar Gassan ya hango ɗakin ciki. Tsohon na kwance, robar iska a hanci, bai fi tsumma a kan gadon ba, an rufe masa ƙafafu da bargo. A jikin taga an shanya farar jallabiya, wankin jiya.

"Yana magana?"

"Tun jiya da azahar bai buɗe baki ba. Baƙin cikin abin da ta yi ne."

Ubale ya fito yana faɗa da zuciyarsa. Likita ya ce mutumin ko zama ba ya iyawa sai an tallafe shi. Kuma a ce ya iya, mutumin da ya riƙe ƙasa, wanda ko shara zai zubar sai ya sa kwat, shi zai fito baranda ƙafa a ƙasa kamar mahaukaci? Ya tsaya ya dubi katakon takalman ƙofar. Ƙafa huɗu, duk na Gassan.

*

Makcik Rohani, wato Inna Rohani da yarensu, tsohuwar Bamaliya 'yar ƙasar nan da ke tsakanin ƙofofin biyu, sai da ya yi sallama uku ta buɗe, ita ma iya tsawon sarƙa. Ta rataya ayoyi a jikin ƙofar, sababbi.

"Makcik, ko in tambaye ki? Jiya kin sauka gwaji?"

Ta ce ta sauka, amma tsofaffi aka fara yi wa, don haka ta riga kowa hawowa. Sai ta rage murya. Tana cire mayafi ta ji wani abu a baranda, shaa, ya tsaya, shaa, ya tsaya, da numfashi kamar ana zuƙar ruwa a buta. Ta kwanta ta leƙa ta ƙarƙashin ƙofa, ta ga wani farin abu yana wucewa a ƙasa, da ƙafa huɗu.

"Hantu," ta ce, wato fatalwa. "Mai shuɗin silifas ne. Ba a yi masa wanka yadda ya kamata ba, a leda aka binne shi. Gidansa yake nema."

"Ina ya nufa?"

Ta nuna da haɓa wajen ƙofar Sidi Munzir. "Shi zai ɗauka na gaba."

Ubale ya ce, "Makcik, tsohon nan ba shi da takalmi ne? Ban ga ko ɗaya a ƙofarsu ba."

Tsohuwar ta yi 'yar dariya, karon farko. Ta ce ai suna wajenta. Tun kullen bara tsohon yake sulalewa ya tafi masallaci, ɗan ya yi faɗa ya gaji, sai ya kwashe takalman kaf ya zuba a jaka ya kawo mata ajiya, domin ya san ubansa ba zai taɓa taka waje ba takalmi ba. Ta jawo jakar daga bayan ƙofa. Ubale ya ɗauki ƙafa ɗaya, baƙin sau-ciki mai tsada, ya zura hannu ciki. Fatar ta lotsa daidai inda babban yatsa ke karkata.

Ya daɗe riƙe da takalmin. Ba daɗi ya ji ba, tausayi ne ya kama shi, da tsoron abin da ya rage.

*

Ƙarfe biyar na yammar Laraba ya tara su a barandar, kowa da takunkuminsa, kowa nesa da kowa. Ashafa da Kalilu a bakin matakala, Makcik a ƙofarta, Hasanatu a bayan ƙarfenta. Gassan ya fito ya harɗe hannu, ya bar ƙofarsu a buɗe don ya riƙa jin numfashin tsohon.

Ubale ya ajiye baƙin takalmin kusa da sawun da ke gefen bango, ya ce kowa ya sunkuya ya duba. Tsawo ɗaya, karkata ɗaya.

"A hawan nan kowa yana da takalmi a ƙofarsa, har wanda ya mutu," ya ce. "Mutum ɗaya ne ba shi da shi. Ba a fasa ƙofa ba domin daga ciki aka buɗe ta. Ya biyo bango yana dafawa, ya zo ya tarar da tawul a ƙarƙashin ƙofar yarinyar nan, takarda ta ƙi shiga, ya sa ta a ƙarƙashin tabarma. Ba sata aka yi ba. Mai kaya ne ya kai kayansa."

"Mahaifina ba ya iya tsayuwa," in ji Gassan.

"Jallabiyar da ka wanke jiya, me ka gani a gwiwoyinta?"

Aka ji fankar gidan wani tana juyawa.

"Farin gari ne," in ji Gassan a hankali. "Na ɗauka faɗowa ya yi daga gado." Sai kuma ya ɗaga murya. "To, don me? Mutum yana mutuwa ya tashi ya kai wa baƙuwa abin da ya fi ƙauna a duniya? Ba ni dalili. In ba dalili, ita ta shiga ta ruɗe shi, kuma gobe 'yan sanda za su ji haka daga bakina."

Ubale ya matsa kusa da shi fiye da yadda doka ta yarda, ya yi ƙasa da murya. "Ɗan'uwa, ka bar maganar a nan. Ka janye ƙararka, ka mayar da takardarka cikin gilashi, kowa ya shiga ɗakinsa. Shawara nake ba ka."

"Dalili nake so."

Ubale ya dubi Hasanatu. Ya san abin da zai fitar da ita shi ne kuma zai karya ta, amma jirgi ya fi wannan muni. Ya ce wa Gassan, "To, ɗauko takardar. Ba gilashi."

Gassan ya kawo ta a tafin hannu biyu. Tsohuwar takarda ce, ta yi ruwan ƙasa, rubutun Larabci na keken rubutu, tambari a sama, a ƙasa kuma layin nan fari. Ubale bai iya karatun irin wannan Larabcin ba, kuma bai nema ba. Ya karɓa, ya je gaban ƙofar Hasanatu, ya kwantar da takardar daidai idonta, ya karkata ta kaɗan kaɗan har hasken la'asar ya kwanta a kanta kamar yadda yake kwanciya a kan rairayi.

A kan farin layin, inuwa ta fito. Siririn kwari ne ba tawada, ya lanƙwasa, ya hau, ya sauko, ya ƙare da dogon ja.

"Alƙalami ma yana da sawu," in ji Ubale. "Takardu biyu aka ɗora, ɗaya a kan ɗaya. An sa hannu a ta sama, an danna da ƙarfi. Wannan ta ƙasa ce. Ni ban san me aka rubuta ba. Karanta, 'yata."

Hasanatu ta kama ƙarfen ƙofar da hannu biyu. Ta san wannan sa hannun, ta gan shi a wasiƙu sun fi ɗari. Ta karanta a fili.

"Munzir Alwarraƙ."

Gassan ya karɓi takardar ya karkata ta da kansa, ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a ƙasan barandar, a cikin farin garin, ƙaton mutum kamar an zare masa ƙashi. Shekara talatin yana goge gilashin nan duk Juma'a.

Daga ɗakin ciki aka ji wani sauti, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Makcik ta fara karanto ayoyi. Zoben tsohon ne yake bugun ƙarfen gado, a hankali, sau uku, ya tsaya. Yana jin su tun farko.

Gassan ya tashi zai shiga. Da ya kai bakin ƙofa ya juyo, bai dubi kowa ba, ya ce zai kira 'yan sanda ya ce kuskure ne. Takardar kuwa ya dawo ya zura ta ta tsakanin ƙarfen ƙofar Hasanatu. "Ke ya kawo wa," ya ce.

*

Sidi Munzir ya rasu ran Alhamis da hantsi, ana cikin naɗe wayar ƙaya a ƙasa. Ashafa ya bi ƙofa-ƙofa yana cewa shi dama tun farko bai yarda yarinyar ta yi ba.

Da yamma Ubale ya sauko ya tarar da Hasanatu a inda ya bar ta, takardar a cinyarta. Ta rame a kwana biyu.

"Baba, ka fitar da ni, na gode. Amma shekara uku na yi ina rubuta ƙarya. Shafi ɗari uku a kan mutumin kirki, ashe shi ya kashe su. Ina jin haushinsa har ba na iya yi masa addu'a."

"Ya kashe su," in ji Ubale. "Wannan ba mai goge shi, kuma ni ba zan ce ki yafe abin da ba ke aka yi wa ba."

Ya zauna a inda ya zauna shekaranjiya. Gobe da safe masu fararen kaya za su dawo da feshi, komai ya shafe.

"Ni ba malami ba ne, ƙasa kawai na iya karantawa, kuma akwai abin da ban faɗa a gaban ɗansa ba. Da ya mutu a gadonsa shiru, da ke da duniya kun binne shi waliyyi. Taku arba'in da ɗaya ya yi zuwa ƙofarki. A na sha tara ya tsaya, ya juya, ƙafafun suna kallon gida. Ya daɗe a wurin, garin ya narke da zufar tafinsa. Sannan ya sake juyowa."

Hasanatu ta ɗago.

"Komawa kuwa, ba fatalwa Makcik ta gani ba. A nan ƙafar ta ƙare masa, daidai inda nake zaune. Da gwiwa da tafin hannu ya koma."

Ta daɗe tana kallon simintin ta tsakanin ƙarfe. Rana ta kwanta, doguwar sharar nan ta fito fili, daga tabarmarta har ƙofar da aka rufe.

"Baba," ta ce, "nuna min na sha taran."

Ya tashi, ya ƙirga daga ƙofar mamacin, ya tsaya ya nuna mata da yatsa.